Dakakkiyar Fiyar Baba Kuku

Shekara talatin da huɗu Baba Kuku ya yi yana aiki a kicin ɗin wani babban otal, kuma a duk tsawon shekarun nan sau biyu kacal ya taɓa yanke yatsa. Yakan faɗi haka da alfahari, kamar tsohon direban da bai taɓa buge ko akuya ba. To, sai hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko kaɗan-kaɗan, sai in ya gaji. Daga baya ya zama ko kofin shayi ya ɗauka sai rabi ya tsiyaye a faranti. Likita ya faɗi sunan ciwon, ya rubuta magani, ya ce ba ya warkewa, sai dai a yi ta lallaɓa shi. Mutanen otal suka sallame shi cikin mutunci, suka ba shi agogon bango, aka ɗauki hoto.

Ranar da tukunyar ruwan zafi ta suɓuce masa ta ƙone masa ƙafa, 'yarsa Auta ta zo da mota ta kwashe shi da komatsansa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, sauran 'ya'yan kuma suna nesa. Auta ma'aikaciyar jinya ce, ta saba ba da umarni a bi. Ta ba shi ɗakin da ke kallon titi a gidansu na hawa na biyu, ta shimfiɗa masa sabon zanen gado, sannan ta tsaya a bakin ƙofa ta kafa masa doka.

"Baba, ko'ina naka ne a gidan nan, amma ban da kicin. Don Allah kada ka sa ni kuka."

Bai yi musu ba. Ya ga idonta ranar da take wanke masa ƙunar.

Mijinta mai gyaran firji ne, kowa Injiniya yake ce masa. Ƙato ne, mai faɗin kafaɗa, mai ƙarancin magana. Tsakaninsa da surukin nasa daga gaisuwar safe sai ta yamma. In ya shigo falo ya tarar da Baba a zaune, sai ya rusuna ya gaishe shi, ya tsaya yana sosa ƙeya kamar akwai sauran magana, sannan ya sulale. Baba Kuku bai ƙi shi ba. Kawai dai bai san me ake ce wa mutumin da duk ilminsa na abinci shi ne ya sa ya yi sanyi ba.

Haka aka yi wata huɗu. Baba yana zaune a baranda yana ƙirga motoci, hannunsa na dama a cikin aljihu don kada ya gan shi.

Ana nan sai Auta ta samu ciki. Shekararsu bakwai da aure, sau biyu tana yin ɓari, saboda haka murnar gidan a ɓoye aka yi ta, kowa yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Likitarta ta ce ta ajiye aiki ta kwanta. Laulayi kuwa ya zo mata da ƙarfinsa. Ta ci shinkafa ta dawo, ta sha shayi ya dawo. Ƙanshin suya daga gidan maƙwabta kaɗai ya isa ya sa ta ruga banɗaki. Cikin sati uku wuyanta ya zarme, zoben hannunta ya fara yawo a yatsa.

Wata safiya Baba Kuku yana ɗakinsa ya jiyo ta ta bango tana yi wa mijinta magana da 'yar muryar da ta rage mata.

"Ka san me nake sha'awa? Wani koren abu da Baba yake kawo mana daga otal muna yara. A 'yar roba mai murfi. Fiya ce aka daka, da tsami-tsami. Gwakamole yake ce mata, mu kuma mu yi ta dariyar sunan."

"Bari in tambaye shi mana," in ji Injiniya.

"Kada ka soma. In ka tambaye shi kicin zai shiga. Manta kawai, magana ce ta marar lafiya."

Baba ya zauna a bakin gado. Ya tuna 'yar robar. Shuɗiya ce, murfinta ya tsage a gefe.

Injiniya bai manta ba. Kafin azahar ya dawo da leda, ya shige kicin ya rufe ƙofa. Baba Kuku ya kasa kunne. Ya ji wuƙa tana sauka a kan katako da ƙarfi, ƙwas, ƙwas, kamar ana saran rake, nan take ya san fiyar ɗanya ce. Ya ji an buɗe famfo. Sannan ya ji abin da ya sa ya runtse ido: injin markaɗe ya tashi da kuka, ya yi ta yi, ya yi ta yi. Sau biyu yana miƙewa tsaye, sau biyu yana komawa ya zauna.

Auta ta kurɓi cokali ɗaya ta ce, "Sannu, ka yi ƙoƙari." Ko minti biyar ba a yi ba aka ji ta a banɗaki.

Da Baba ya fito, sai ya hangi ƙofar waje a buɗe. Injiniya yana zaune a kan matakalar bene, kwanon a gefensa, kansa a sunkuye tsakanin gwiwoyi. Ƙaton mutum ya koma ɗan mitsitsi. Baba ya lallaɓa ya sauka taki biyu, ya zauna kusa da shi. Injiniya ya zabura zai tashi.

"Zauna, ɗana. Miƙo in gani."

Abin da ke cikin kwanon ruwa-ruwa ne, launin tsohon fentin asibiti, da 'yan gudaji suna iyo. Baba ya tsoma yatsan hagu ya ɗanɗana. Ɗaci ya gauraye masa baki.

"A ina ka ga ana zuba ruwa?"

"Injin ne ya ƙi juyawa, Baba. A waya na gani, su tasu tana da laushi. Tawa kamar dutse."

"Ai dutsen ka sayo. Fiya ba ta nuna a kan bishiya, sai an cire ta ta kwana biyu-uku. Kuma wannan abin ba ya son inji. Saura nawa?"

"Shida."

"Ka sa su a jakar takarda tare da ayaba ɗaya, ka naɗe bakin. Nan da kwana uku za su yi hankali."

Injiniya ya ɗago kai, idonsa ya yi ja. "Baba, kwana uku? Tun jiya da safe ba abin da ya zauna mata. Likita ta ce in aka wayi gari a haka gado za a ba ta. Ni firji na iya gyarawa. Wannan na rasa inda zan kama."

Wannan ce magana mafi tsawo da Baba Kuku ya taɓa ji daga bakinsa. Ya dubi hannunsa na dama yana ta kaɗawa a kan cinya, ya dubi kwanon.

"Motarka tana da mai?"

Kasuwar kayan marmari ba nisa. Suka ratsa tsakanin rumfuna, Injiniya a gaba yana buɗa hanya, Baba a baya yana jan ƙafarsa mai tabo. A rumfa ta uku ya tsaya gaban tulin fiya, ya ɗauki ɗaya ya aza a tafin hannu. Shekara talatin da huɗu da hannun dama yake jin nunar fiya, ya manta cewa yanzu hannun ba nasa ba ne. Fiyar ta shiga rawa a tafinsa, yatsun suna matsa ta suna saki.

Mai fiyar, wata dattijuwa mai kakkausar murya, ta taso masa.

"Malam, lafiya? Tausa ka zo yi mata ko saye? In kowa ya zo ya mammatse min kaya wa zan sayar wa?"

Mutane suka waiwayo. Baba Kuku ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya yi ƙoƙarin mayar da fiyar, ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin tebur. Injiniya ya duƙa ya ɗauko, ya goge ta da rigarsa, ya miƙe tsaye da duk tsawonsa.

"Hajiya, ba da gangan ba ne, hannunsa ne ba lafiya. Wannan da kike gani shugaban kuku ne na otal. Ni na zo ɗazu na sayi duwatsu, shi ya sa yanzu na taho da wanda ya sani."

Matar ta dubi hannun, ta dubi fuskar Baba, jikinta ya yi sanyi. "Ayya. Yi haƙuri, Baba, bakin nan nawa ya riga hankalina tashi. Ta yau kuke so ko ta jibi?"

"Ta yanzu," in ji Baba.

"To ai waɗannan na saman na 'yan kallo ne." Ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur ta buɗe. Baba ya sa hannun hagu wannan karon. Ya nuna wa Injiniya yadda ake ɗaye ɗan tsinken da ke kan fiya da farce: in ƙarƙashinsa kore ne shar, ta yi daidai, in ya yi baƙi, ta wuce. Suka zaɓi biyar. Suka haɗa da lemun tsami, da jar albasa ƙarama, da tumatir biyu masu tauri, da attaruhu ɗaya, da damin ganyen koriyanda. Da matar ta ji mai ciki za a yi wa, sai ta ƙara musu lemun tsami uku ta ce a gaishe ta.

Da suka dawo Auta tana barci. A bakin ƙofar kicin Baba ya ja ya tsaya. Wata huɗu bai taka tayil ɗin nan ba.

"Na yi mata alkawari," ya ce.

"Wuta da wuƙa take tsoro, Baba. Wannan ba wuta, wuƙar kuma ni zan riƙe. In faɗa ne ni zan sha." Injiniya ya jawo kujerar roba ya ajiye kusa da teburin aiki.

Baba ya zauna, muryarsa ta sauya ba tare da ya sani ba. Ta koma irin wadda yake yi wa sababbin ma'aikata.

"Wanke hannu. Da sabulu, ba shafa ba. Albasar farko: rabi ya isa. Ƙanana, ƙanana, kamar ƙwayar shinkafa. Ai waɗannan tubalin gini kake yi. Lanƙwashe yatsunka ciki, kada ka ba wuƙa kyauta. Yawwa. Zuba su a ruwan sanyi su huce, kada warinsu ya tayar mata da zuciya."

Injiniya ya bi umarni, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Hannunsa da ya saba da ƙananan wayoyi da kusoshi bai daɗe ba ya kama hanya. Ya cire 'ya'yan tumatir ya yanka naman, ya ɗebi ɗan ƙanƙanin attaruhu, don Baba ya ce mai ciki ake yi wa ba direban tirela ba. Ya zagaya fiya da wuƙa ya murɗa, ta rabu biyu, cikinta kore-kore da ruwan ƙwai, lumus kamar man shanu. Ya tsaya yana kallonta.

"Ashe haka take."

"Haka take. Cire ƙwallon da cokali. Na ga masu burga suna sara shi da wuƙa, na kuma raka biyu daga cikinsu ɗinki."

Suka kwashe uku a kwano. Injiniya ya ɗauki cokali mai yatsu, ya dube shi, sai ya miƙa wa Baba, ya riƙe masa kwanon da hannu biyu. Baba ya karɓa ya fara dannawa. Cokalin yana ƙwanƙwasar gefen kwano, amma fiyar tana murƙushewa yadda ake so, wani wuri laushi, wani wuri da 'yan gudaji. Aka matsa lemun tsami, ƙanshi ya tashi, ɗanye, mai wartsakarwa. Wani abu ya motsa a ƙirjin Baba Kuku wanda ya ɗauka ya mutu. Shi ya ja shi ya yi ganganci.

"Miƙo gishiri. Wannan ba a aike, hannu ne yake saninsa."

Injiniya ya miƙa masa robar. Baba ya karkata ta zai zuba kaɗan a tafinsa. Hannun ya fizge. Gishiri ya kwarara cikin kwanon, fari fat, ya yi tudu a kan koren.

Baba ya ajiye robar a hankali. Ya dafa tebur zai tashi. Ba gishirin ne ya ƙona masa rai ba. A ce a gaban surukinsa, a kan abincin 'yarsa da ke kwance da yunwa, shi da ake kira daga wani gari in za a yi babbar liyafa.

"Ina za ka, Baba?"

"Auta ta yi gaskiya. Ba ni da sauran aiki a nan."

"To ni wa zai faɗa min in gishirin ya ji?" Injiniya ya riga ya ɗauki cokali yana kwashe tudun gishirin da abin da ya taɓa, a tsanake, kamar yana cire ƙonanniyar waya daga cikin inji. "Kusan rabi ya tsira. Ga biyu ba mu fasa ba. Ni wallahi ko ka ba ni in ɗanɗana ban san me nake nema ba. Ɗazu na ɗanɗana nawa na ji kamar ya yi."

Dariya ta kuɓuce wa Baba ba shiri, irin mai haɗe da ƙwalla. Ya koma ya zauna.

Suka fasa sauran biyun suka haɗa. Ba a ƙara gishiri ba, wanda ya rage a ciki ya wadatar. Injiniya yana miƙa masa a bakin cokali, shi kuma yana rufe ido yana faɗa: ƙara lemun tsami rabi, albasar ta isa, ganyen kaɗan, ka yayyanka shi kada ka daka. A karo na huɗu sai ya gyaɗa kai.

"Me ake yi a nan?"

Auta ce a bakin ƙofa, ta dafa bango, zanenta a ɗaure sama da ƙirji. Idonta ya sauka kan mahaifinta, ya sauka kan wuƙar da ke kan katako.

"Baba! Me na roƙe ka? Kai kuma, da kai aka haɗa baki? In ya yanke fa? In ya faɗi? Ni ina kwance, wa zai..."

"Ni na shigo da shi," in ji Injiniya. "Bai taɓa wuƙa ba. Ki yi min faɗan daga baya, yanzu zauna."

Baba ya tashi ya ba ta kujerar. Ta zauna. Ya tura kwanon gabanta, mijin ya gasa yankan burodi har ya yi ƙarau ya ajiye mata. Ta shinshina da tsoro, ta jira zuciyarta ta tashi. Ba ta tashi ba. Ta lakata kaɗan ta kai baki. Maza biyu suka tsaya a kanta ko numfashin kirki ba sa yi.

Ta ci loma huɗu, ta huta, ta ƙara biyu. Sannan ta goge ido da bakin zane.

"Da daɗi. Amma ba irin ta da ba ce, Baba. Waccan ta fi duhu, kuma ta fi tsami."

Baba Kuku ya sosa gemu. "Auta, waccan ai ragowa ce. Wadda baƙi suka bari. Kafin in iso gida samanta ya yi baƙi, sai in tsaya a ƙofar gida in kwashe shi da cokali kada ku gani. Ke ba ki taɓa cin sabuwa ba sai yau."

Ta zuba masa ido, sai ta fashe da dariya tana riƙe ciki, hawaye yana zuba. "Shekara ashirin ina ba mutane labarin abincin manya, ashe kwantai ne!"

"Kwantan manya dai," in ji Baba.

Abincin ya zauna. Ba wai ta warke ba ne a ranar. Da yamma ta gwada shayi ya dawo, washegari ma sai da aka kai ta aka ƙara mata ruwa leda ɗaya. Amma ba a ba ta gado ba, kuma a makonnin da suka biyo baya dakakkiyar fiya da gasasshen burodi su suka riƙe ta. Dokar kicin ba a soke ta da baki ba. Kawai dai wata rana Auta ta sa aka sayo doguwar kujera mai majingina da wurin ɗora ƙafa, aka ajiye ta nesa da murhu, ba ta ce ta wane ne ba.

A wata na shida sha'awar ta juya. Ta wayi gari ta ce ko sunan fiya ba ta son ji, kankana take so, mai sanyi, kuma wannan Injiniya bai nemi taimakon kowa ba. Ta haifi 'ya mace lafiya, mai faɗin kafaɗa irin na ubanta.

Su kuwa mazan ba su daina ba. Duk ranar da Injiniya ba ya fita aiki, sai su tafi wurin dattijuwar nan su dawo da leda, su rufe ƙofar kicin. Daga fiya suka wuce zuwa miyar kifi, daga nan zuwa wani kek na lemo da sai a karo na biyar ya tashi. Auta tana falo tana shayarwa takan jiyo su suna gardama, muryar mijinta da a da sai an matsa ake ji yanzu har ta fi ta Baba tashi.

"Baba, ni fa ina ganin tumatir ɗin nan ba ya ƙara komai. Ruwa kawai yake saki."

"Wata nawa ka yi a kicin?"

"Tara."

"To bari ka cika shekara, sai mu saurari ra'ayinka. Yanka."